Jirgin Ruwan da Aka Sa wa Taya

Likitar gashin ƙashi ce ta jawo mana, don da hannunta ta miƙo mini kwalin. Mace ce 'yar firit mai tabarau, ba ta ɗaga murya, amma in ta ce a yi abu sai ka ga ƙato ya miƙe yana yi. A lokacin wata biyu ke nan da mijina ya yanke jiki ya faɗi a gareji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, har ya koma yi mini ƙorafi a kan gishirin miya. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun sun lanƙwashe sun shige tafi, kamar yana ɓoye wani abu da ba ya so a gani.

"Baba," in ji Likita, "na ba ka ƙwallon roba ka matsa, ka ce wasan yara ne. Na ce ka tsinci wake a faranti, ka ce kai ba kaza ba ne. To ga aikin manya. Jirgin ruwa ne na katako, guntaye ɗari huɗu da wani abu ne a ciki, ga takardar da ke nuna yadda ake haɗa su. Da hannun dama za ka yi. Ka dawo mini bayan sati shida."

Sannan ta juyo gare ni. "Mama, watannin nan su ne lokacin da hannu ke dawowa in zai dawo. Idan yatsun nan suka zauna ba aiki, a haka za su sandare, kuma ba zai sake riƙe sifana ba."

Shekara talatin da takwas mutumin nan yana riƙe da sifana. A layin garejinsu ba wanda ke kiran sa da sunansa, Injiniya ake ce masa. Ni na san idan aka raba shi da sifana to an gama da shi, don haka na rungumo kwalin nan har gida kamar jariri.

Na zazzage kayan a teburin cin abinci. Akwai siraran katakai kamar tsinken sakace, da sanduna uku dogaye, da ƙyallayen da iska ke turawa, da zare ƙulli biyar, da ƙananan bindigogi na tagulla guda ashirin, da kwalbar gam, da hantsaki. A bayan kwalin ga hoton jirgin yana tsaye a kan ruwa, gwanin sha'awa. Baban yara ya ɗora hantsakin a hannun dama, ya kai shi kan wani guntun katako, hantsakin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya dubi hannun, ya ce hasken falon nan bai isa ba, ya tashi ya shige ɗaki. Kwana uku bai sake kallon teburin ba.

Rana ta huɗu maƙwabtansa na gareji suka zo duba shi, su uku: Mai Walda, da Mai Fenti, da Mai Waya wanda ke gyaran lantarkin mota. Dukkansu furfura ta fito musu, tare suka tsufa a layi ɗaya. Suna da wata doka tun suna samari. Idan ɗayansu ya kwanta ciwo, sauran su gama masa motocin da ke gabansa, mai mota ya zo a ce masa mara lafiyar ne ya gyara, kuma ba mai sake tayar da zancen. In ma an tambaye su, amsarsu ɗaya ce: "Mu ba ma nan." Na sha cin arziƙin dokar nan, shi ya sa ban ga haɗarinta ba da suka shigo.

Mai Walda ne ya fara hango teburin. Ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Injiniya, wa ya tuƙa wannan?"

"An dai tsira da rai?" in ji Mai Waya.

Baban yara ya ce, "Haka aka kawo shi daga kamfani."

"Kamfanonin yanzu ba tsoron Allah," in ji Mai Fenti. "Su sayar maka da kaya a wargaje, ko fenti babu."

Mai Walda ya tona guntayen da yatsa. "Ina injin?"

"Ba shi da inji," in ji mijina. "Iska ke tura shi."

"An sace a hanya ke nan," in ji Mai Walda, sauran suka gyaɗa kai.

Sai na ji wani sauti da na yi wata biyu ban ji ba. Mijina ne ke dariya, har da buga ƙafa. Ina tsaye da tiren shayi, idona ya cika da hawaye. Duk da haka da na ga Mai Walda ya naɗe hannun riga sai na ce, "Likita fa ta ce da hannunsa zai yi."

"Uwargida, ai shi yake yi," in ji Mai Walda. "Mu ba ma nan."

Washegari tun ban gama shara ba suka dawo da akwatunan aiki. Abu na farko, takardar da ke nuna yadda ake haɗawa suka ninke ta huɗu suka tokare ƙafar kujera da ita, wai takarda ta masu koyo ce. Abu na biyu, suka ce ba za su yi aiki a teburin cin abinci ba, don ba a fara gyara sai an leƙa ƙasan mota. Suka kwashe kayan suka mayar kan teburin gilashi na tsakiyar falo, wanda ko baƙo ba na bari ya ɗora masa kofi. Mai Walda ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine, ya shige ƙarƙashin teburin da tocila a baki. Ƙafafunsa kawai ake gani. Daga can ya yi ta tsaki.

"Ƙashin bayansa katako ne, Injiniya. Wannan ba zai kai shekara ba."

"To me ka gani?" in ji mijina daga kan babbar kujera.

"Rodi."

Aka yanko rodi aka zura wa jirgi. Gam kuwa Mai Walda ya shinshina ya ce wannan na masu gyaran takalmi ne, ya tura kwalbar gefe. Inda aka ce a jiƙa siraran katakan nan a lanƙwasa su a hankali ɗaya bayan ɗaya, ya karya guda takwas a jere, ya ce katakon ba na gaske ba ne, ya yanko gwangwanayen madarata ya lulluɓe cikin jirgin da su. Bindigogin tagullan nan ashirin ya jujjuya su a tafin hannu, ya leƙa ramin, ya ce salansa ne, ya jera su duka a baya suna kallon ƙasa. Na nuna masa hoton da ke bayan kwali, inda suke leƙowa ta gefe. Ya ce mai hoton bai taɓa shaƙar hayaƙi ba ne.

Mai Waya ya ɗauki ƙullin zaren ya ja, ya tsinke. Ya ce ba shi za a kama da laifin gobara ba. Duk inda hoto ya nuna igiya, daga kan sanduna zuwa gefen jirgi, ya ja waya ja da baƙa. Tunda waya ta samu, ai sai wuta. Ya sa fitila biyu a gaba, da sigina hagu da dama, ya cusa batirin babur a cikin jirgin, ya ɗaura masa hon. Ranar da aka fara gwada hon ɗin, matar maƙwabcinmu ta leƙo ta ce wa ya toshe hanya ake ta danna hon.

Shi kuma Mai Fenti ya ce launin katako launin abin da aka tono ne daga ƙasa. Ya shigo da injin feshi har tsakiyar falo. Ba zan ci haƙƙinsa ba, mutumin nan ya iya aiki. Ya yini yana yanka jarida ƙanana kamar farce yana liƙe tagogin jirgin don kada fenti ya taɓa su, kamar yadda yake yi wa gilashin mota. Labulena ne bai tuna ya rufe ba. Ya fesa ja mai ƙyalli har shafi uku, jirgi ya yi ja, labule ya yi ja, ƙafafun Mai Walda da ke ƙarƙashin tebur su ma suka yi ja.

Baban yara fa? Yana kan babbar kujera kamar alƙali, da cokalin shayi a hannun hagu yana nuni da shi. A ɗaga nan. A sassauta can. Wannan sandar ta karkace. Ido da kunne da ƙwaƙwalwa duk suna aiki, ko noti ɗaya ba ya wuce shi. Hannun dama kuwa yana kan cinya, ya rufe shi da tawul. Yana cin abinci ya nemi ƙari. Kumatunsa suka ciko. Da safe kafin su zo nakan ce, "Baban yara, ko guda ɗaya ka liƙa mana da kanka." Sai ya ce fenti bai bushe ba, Mai Fenti ya ce kada a taɓa. Wata rana ya ce akwai wuta a jiki. Wata rana ya dube ni kawai, ni kuma na kau da kai.

Kada in wanke kaina. Ranar da suka zo kan ƙyallayen iska, duk suka tsaya cirko-cirko, don babu tela a cikinsu. Mijina ya ce, "Uwar yara, ɗan taimaka mana da kalmasa." Da murmushi ya faɗa, irin wanda ya daɗe bai yi mini ba. Na jawo keken ɗinki na kalmashe su duka goma sha ɗaya, har na goge su da dutsen guga. Ina yi ina jin maganar Likita a kunnena, na ƙara taka keken don in daina ji. Tsoro nake kada in yi magana dariyar nan ta ɗauke, gidan ya koma shiru irin na da.

A sati na biyar aka gama. Amma a layinsu ba a sallamar mota sai an gwada ta. Suka sa na cika babban bahon wanki da ruwa a tsakar gida. Mutum biyu suka ɗauko jirgin, don ya yi nauyin buhun siminti. Mai Waya ya kunna fitilu, ya danna hon, aka saki. Jirgi ya tafi ƙasa kai tsaye, ko jinkiri bai yi ba. Hon ya ci gaba da kuka a ƙarƙashin ruwa yana fitar da kumfa, sigina na ƙyaftawa.

Kowa ya leƙa baho.

"Ruwan ne ya yi kaɗan," in ji Mai Fenti.

"Ba maganar yawa ba ce," in ji Mai Waya. "Na famfo ne. Jirgin teku gishiri yake so."

Suka juye mini gishirin wata guda a baho, Mai Walda ya motsa da muciya, aka sake saki. Ya sake nutsewa, wannan karon ta baya, wajen da salansa ashirin suke.

Baban yara ya buga cokali a hannun kujerar da aka fito masa da ita. "Abin hawa in bai yi a ruwa ba, ai ya yi a ƙasa."

Kafin in fito daga kicin sun cire tayoyin akwatin tafiyata guda huɗu. Mai Waya ya busar da wayoyinsa, Mai Fenti ya sake shafi ɗaya, Mai Walda ya ɗaura igiyar ja a gaba. Jirgi ya tafi sumul daga ƙofar falo har bakin kicin, kuma da zai juya sai da ya ba da sigina.

Ranar komawa asibiti su ukun suka sha wanka suka sa fararen kaya. A bayan motar Mai Walda aka ɗora jirgin, aka tokare tayoyin da duwatsu. Ni na riƙe kwalin, don mijina ya ce a mayar wa Likita kayanta. A doguwar barandar asibitin Mai Walda ya ja igiya, Mai Waya na danna hon, masu sandar guragu suna matsawa gefe, masu jinya suna tafi. Wani tsoho a keken marasa lafiya ya biyo mu har ƙofa yana tambayar ko na haya ne.

Likita ta zagaya jirgin sau biyu. Ta duƙa ta kalli tayoyin. Ta ƙwanƙwasa gwangwanin madara da biro.

"Wa ya yi wannan?"

"Shi," suka ce a tare, suna nuna mijina.

"Ku fa?"

"Mu ba ma nan, Likita."

Ta miƙo hannu na ba ta kwalin. Da ta karɓa sai ya yi kwaram-kwaram. Ta buɗe ta juye a tebur: ƙananan ganguna, da bokitai, da tsani, da wasu 'yan ƙullaye masu rami, duk ba wanda ya fi ƙwayar wake girma.

"Ragowa ce," in ji Mai Walda da sauri. "Ba aikin da ake gamawa ba a samu ragowa ba. Kamfani ne ke zuba su don a ga yawa."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta zaɓi ganga ɗaya ta ajiye a gaban mijina. "Baba, ɗauka."

Ya miƙo hannun hagu. Ta ɗora nata a kai ta danne shi a tebur. Ya daɗe kafin ya zaro na dama daga aljihu. Ya kai shi kan gangar, ya tura ta da bayan yatsu, ta gangara. Ya sake bi, ta sake gudu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ba abin da ake ji a ɗakin sai siginar jirgin da aka manta a kunne, tana tik, tik, tik.

Likita ta kama yatsun ta gwada buɗe su ɗaya bayan ɗaya. "Wancan zuwan, manuniyar nan tana buɗewa har nan. Yau ta tsaya a nan." Ta ɗago ta dube su. "Ni ba jirgi nake so ba. Da ya kawo mini katako biyu a liƙe a karkace, da na fi murna. Sati shida sun tafi, kuma ba ni da inda zan samo masa su. Abin da ya rage shi za mu yi kokawa a kai." Sannan ta shafa bakin ɗaya daga cikin ƙyallayen, ta dubi ɗinkin. "Mama, har da ke?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A mota ba wanda ya danna hon. Sai da muka kusa gida Mai Walda ya yi gyaran murya, idonsa a kan titi. "Injiniya, ka yafe mana. Mu dai mun ga aiki a gabanka, kuma kana kwance. Abin da muka sani ke nan."

"Ba laifinku ba ne," in ji mijina. "Ni na bar ku. Ran farko na gwada sau ɗaya, abu ya faɗi. Sai na ji tsoro. Na ce in ban sake gwadawa ba, ai ban tabbatar ya mutu ba." Ya dubi hannun a kan cinyarsa. "Kun zo kuna ce mini Injiniya, na ji daɗi, na zauna."

Washegari na zaci ba za su zo ba. Sai ga su a lokacin da suka saba, ba akwatin aiki, suna raɓe-raɓe a bakin ƙofa. Baban yara na zaune a teburin cin abinci, ya zuba ragowar nan a tire, jirgin na tsaye a gefe da jansa da tayoyinsa. Ya ce su shigo su zauna. Ya ajiye tawul. Ya kai hannun dama kan ganga ɗaya, ya matsa ta da babban yatsa, ta yi tsalle daga tire ta gangara ƙarƙashin kujera.

Mu huɗu muka duƙa a tare. Goshina ya gwaru da na Mai Fenti har na ga taurari.

"Kar wanda ya taɓa!" Tun da ya faɗi a gareji ban ji muryar mijina ta kai haka ba. "Kowa ya koma ya zauna a kan hannunsa."

Muka jeru a doguwar kujera, tsofaffi huɗu, kowa ya danne hannuwansa da cinya. Ya dafa tebur ya sauka a kan gwiwa. Ya rarrafa. Ya kama gangar a jikin ƙafar kujera, ta kuɓuce. Ya kora ta jikin bango, ta kuɓuce. Shayi ya huce a kofuna. Mai Waya ya rufe ido yana motsa baki. Mai Walda, wanda tartsatsin wuta ke zuba masa a hannu ba ya ko ƙyaftawa, hawaye na gangaro masa har gemu, kuma ba damar sharewa don yana zaune a kan hannu. Ni kuwa ban taɓa sanin kame hannu daga taimako yana da wahala haka ba.

Rana ta kusa take tsaka lokacin da ya matse ta tsakanin babban yatsa da gefen manuniya. Ya ɗago ta a hankali, yana numfashi sama-sama, ya ajiye ta a kan jirgin kusa da sandar tsakiya. Ta tsaya a jirkice.

"Ta ɗan kark..." Mai Walda ya fara. Na watsa masa harara, ya haɗiye sauran.

Yatsu biyu ne suka yi aikin. Sauran ukun suna dunƙule a tafi, kuma har yau da nake ba da labarin nan ba su buɗe ba. Mijina ya zauna dirshan a ƙasa ya jingina da bango, rigarsa sharkaf da gumi.

"Ku miƙo mini tiren," ya ce.

Ba wanda ya motsa. Muka dubi juna, don ba mu san ko an yarda ba. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai, ya dafa bango ya tashi ya nufi tebur da kansa.